Baba ya daina bin liman daidai: ido ne, kunne ne, ko gigin tsufa?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai damuwar da na daɗe ina juya ta a raina, yau na ce bari in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya, akwai kuma waɗanda suka riƙe tsofaffi a gida.

Mahaifinmu ya haura shekara 75. Manomi ne, a wani ƙauye tsakanin Taura da Ringim. Tun da na yi wayo, sahun farko ba ya wuce shi. Daga daminar bara muka fara lura da wani abu: liman zai yi ruku'u, sahu duk ya duƙa, Baba yana nan tsaye hannu a ƙirji, sai na kusa da shi ya ja rigarsa. Juma'ar da ta wuce aka sallame, mutane har sun fara neman takalma, shi yana zaune yana tahiya. Da ya ankara ya ɗago kai, wallahi ban taɓa ganin kunya irin wannan a fuskarsa ba. Tun daga ranar a zaure yake sallarsa shi kaɗai.

Mutanen gari sun ce gigin tsufa ne, babban yayanmu ma haka ya ce. Ni kuwa zuciyata ta ƙi amincewa. Mutumin da ya san buhun gero nawa ya rage a rumbu, ya san iyakar gonar kowa, yana ba ka labarin farin 1973 kamar jiya aka yi, ta ina ya gigice? Abin da na sani shi ne kunnensa ya yi nauyi shekaru da dama, amma ana hira da shi. Idonsa kuma ya fara hazo, baƙin ya yi fari-fari. Abin da ya ɗaure min kai: tun da idon ya dushe, sai kunnen ya zama kamar ya mutu gaba ɗaya. Shin ciwon ido yana sauka kunne ne? Ko akwai jijiyar da ta haɗa su?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Baba, Allah ya ba shi lafiya. Malam, kamar kana ba da labarin surukata. Shekara biyu ana cewa ta ruɗe, don za ka tambaye ta abu ta ba ka amsar wani abu daban. Ka ce "Inna, kin ci abinci?" ta ce "E, ya tafi kasuwa." Yara su yi ta dariya. Har cewa ake yi abin da ta ga dama take ji, saboda in ɗanta ya yi magana tana ji, in ni ko jikoki muka yi sai ta yi shiru. Ni kaina na ɗauka gaba take yi da ni, na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Baban Hafsat:
Akwai haɗi mana. Jijiyar ido da ta kunne ɗaya ce, kowa ya san wannan. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka yarda a taɓa masa ido. Mahaifiyata lafiya lau take ji, aka yi mata aikin yanar ido, tun daga ranar da muka dawo gida sai an yi mata ihu. Idon ya buɗe, kunne ya tafi. Ban ji a bakin wani ba, a gidana aka yi.

Sista 'Yar Hadejia:
Sannunku. Ni nas ce a sashen ido, irin su Baba kullum muna ganin su.

Malam Ɗan Taura, amsar tambayarka tana cikin labarin da ka bayar, ka sake karanta shi. Ka ce kunne ya yi nauyi tun da daɗewa. To ina kyautata zaton Baba ya yi shekaru ba ya jin kabbarar liman. Da ido yake bin sallah: ya ga na gefensa ya duƙa, ya duƙa. Babu wanda ya gane, ƙila shi kansa bai gane ba. A hira ma haka ne. Mai nauyin kunne yana kallon leɓenka, da girarka, da hannunka, ya haɗa da ɗan abin da ya shiga kunnen, ya fitar da ma'ana. Ido ne ya rufa wa kunne asiri. Ranar da yana ta rufe idon, sai asirin ya tonu, ku kuma kuka ga kamar kunnen ne ya mutu rana ɗaya.

Anti Maman Khalifa, surukarki ba gaba take yi da ke ba. Kurumtar tsufa da siraran sautuka take farawa. Muryar mace da ta yaro siririya ce, ta namiji tana da kauri, don haka ta ɗan nata ke shiga, taki ba ta shiga. Haruffa irin su sa, da sha, da tsa, da fa, su ne farkon ɓacewa. Tsoho zai ce maka yana jin ana magana amma ba ya rarrabe abin da ake cewa. Kuma gaskiya yake faɗa.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Sista, wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Ta rasu bara, ban taɓa sanin haka ba. Allah ya yafe min zargin da na yi mata.

Sista 'Yar Hadejia:
Allah ya jiƙanta, Anti. Ba laifinki ba ne, babu wanda ya gaya miki.

Baban Hafsat, da girmamawa, jijiyar ba ɗaya ba ce. Ta gani daban take fita daga bayan ido, ta ji daban take fita daga can cikin kunne, kowacce da inda take sauka a ƙwaƙwalwa. Aikin yana kuma a gaban ido ake yin sa: a cire gilashin ido na halitta da ya yi hazo, a sa na roba a gurbinsa. Babu abin da ke kusantar kunne.

Baban Hafsat:
To Sista, ƙarya nake yi ke nan? Me ya kurumtar da ita?

Sista 'Yar Hadejia:
A'a Yaya, ban ce ƙarya kake yi ba, ka faɗi abin da ka gani. Tambaya zan yi maka. Ɗaya idon yana gani lokacin? In shi ma yana da yana, aka kuma rufe wanda aka yi wa aiki da bandeji, to a kwanakin nan ba ta ganin bakin kowa, dole jinta ya faɗi. Sannan bayan aiki kowa yana kanta, ana ta yi mata bayanin magani, a nan ake gane abin da da ba a lura da shi ba. Sai kuma ka tuna ko an yi mata wasu allurai a tsakanin, na zazzaɓi ko na wani ciwo. Kuma an taɓa leƙa kunnen da fitila? Kakin kunne kaɗai, in ya taru ya daskare, yana iya toshe ji, kuma tsofaffi ya fi damu.

Baban Hafsat:
Ɗaya idon dai da ma ya mutu tuntuni. Kunne kuma ba a taɓa dubawa ba. Amma ni har yanzu ina kan bakana, abin ya zo daidai da yawa.

Ɗalibin Likita:
Salam. Ina ajin ƙarshe a karatun likita a Kano, bari in ƙara a kan abin da Sista ta faɗa, don tambayar Malam tana da ɓangare na biyu. Gaskiya ne ciwon ido ba ya gangarawa kunne. Amma kuma gaskiya ne su biyun sun fi yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya fiye da yadda tsufa kaɗai zai bayyana. An bi wannan a wani gari da ake kira Biba Dam a jihar Wiskonsin ta Amurka, inda aka auna ido da kunnen dubban manya. A 1998 suka wallafa cewa masu lalacewar tsakiyar bayan ido ta tsufa sun fi samun raunin ji, a 2001 kuma suka nuna alaƙa tsakanin yana da raunin ji. A Ostireliya ma, a yankin tsaunukan da ke yamma da birnin Sidni, wani binciken da ya fito a 2006 ya samu irin wannan sakamako.

Dalilin da masana suka fi karkata gare shi shi ne maƙiyansu ɗaya ne. A bayan ido akwai wani siririn labule inda hoto ke sauka. A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Dukansu biyun da ƙananan jijiyoyin jini suke rayuwa, sirara ƙwarai. Duk abin da ya ɓata waɗannan jijiyoyi, ciwon suga, hawan jini, taba sigari, to ya taɓa su tare. Ku ɗauka gonaki biyu ne na rani da ke shan ruwa daga magudana ɗaya. Tumatir bai sa wa albasa ciwo ba, ruwan ne ya ja baya. Wani babban bincike a Amurka a 2008 ya nuna raunin ji ya kusan ninka biyu a masu ciwon suga. Kuma ƙwayoyin nan na cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Don haka Malam, in za ku kai Baba, kada a tsaya a ido. A auna suga, a auna jini, a leƙa kunne, a yi gwajin ji.

Ɗan Taura:
Allah ya saka da alheri. Kun sa na tuna, yana yawan tashi fitsari da dare, ga shan ruwa kamar me. Mu mun ɗauka zafi ne. Bai taɓa auna suga ba a rayuwarsa. Taba kuma ya sha da ƙuruciya, ya bari bayan ya dawo daga Hajji.

Alhaji Na Kasuwar Gujungu:
Ni dai shawarata, ku bar dattijo ya huta. Shekara 75 ai an ci riba. Ido da kunne da haƙori aro ne, lokaci ya yi mai abu ya karɓi abinsa. Ku ɗora shi a mota ku yi ta yawo da shi asibiti-asibiti, ku ƙarar da ɗan abin da kuke da shi, ƙarshe a ce a yi haƙuri. Yaran yanzu komai sai kun sa masa suna na cuta.

Malam Na Gwaram:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, kuma akwai bushara mai girma ga wanda aka jarraba da rasa idanunsa ya yi haƙuri. Amma haƙuri bai hana neman magani ba, an ma umarce mu da nema. Dubi addu'ar da muke yi safe da yamma, muna roƙon lafiya a jiki, da lafiya a ji, da lafiya a gani. A jere suke zuwa, kamar yadda Alƙur'ani yake yawan ambaton ji da gani tare. Wanda yake roƙon abu kullum ba zai ga hanyarsa ya kau da kai ba. Sannan ba hutu Baba yake yi a zauren nan ba. Mutumin da ya saba da jam'i shekara da shekaru, kunya ta zaunar da shi, wannan ba hutu ba ne.

Malam Ɗan Taura, kafin a kai ga asibiti, ku mayar da shi masallaci gobe da asuba. Ɗaya daga cikinku ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya riƙa taɓa shi a kowace kabbara. Ku je ku yi wa liman bayani, ya gaya wa jama'a cewa lalura ce ta ido da kunne, a daina cewa ya gigice.

Alhaji Na Kasuwar Gujungu:
Maganar masallaci na yarda da ita, Malam. Ta yanka ce ban yarda ba. Ai akwai masu sokar ido da ke zagayowa ranar kasuwa, nan take suke kwantar da yana, ba kwanciya asibiti, ba layi. Wani maƙwabcina an yi masa, a wurin ya ƙirga yatsu.

Sista 'Yar Hadejia:
Alhaji, don girman Allah kada ka tura kowa wajensu. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona min rai a aikina. Abin da suke yi shi ne su soka abu mai tsini su tura gilashin idon ya faɗa can ciki. Haske zai shiga nan take, shi ya sa mutum yake ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara, mai sokar ya karɓi kuɗinsa ya bar gari. Ka koma wajen maƙwabcin nan bayan wata shida ka tambaye shi. Gilashin da aka tura yana nan a ciki yana jawo kumburi, ruwan ido ya hau, wani ƙwayar cuta ta shiga. Ko wanda ya tsira, ba shi da gilashi a idon, sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba zai ga wani abu. Suna zuwa mana ido ja wur, yana ruwa, mutum bai yi barci ba kwana da kwanaki, a lokacin kuma babu abin da za mu iya.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido wajen kashi 17, kuma kashi 84 na makantar duka abin da za a iya karewa ne ko a warkar. A binciken nan an tarar kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, soka su aka yi, kuma mafi yawansu ba su ƙare da gani mai kyau ba. Arewa ce ta fi wannan matsala. Ga wanda kunnensa ya riga ya tafi kuwa, idon nan shi ne ƙofar da ta rage masa. Ba abin caca ba ne.

Aikin asibiti ba ya kai awa ɗaya, ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa. Tsufa ba ya hana shi. Na ga 'yan 90 da aka yi wa.

Ɗan Taura:
Sista, ina za mu nufa? Mu nan Ringim ce kusa.

Sista 'Yar Hadejia:
Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku don awon suga da jini, su leƙa kunnen. Don ido, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, da na Makkah, da Murtala, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yake da sashen kunne, hanci da maƙogwaro inda ake gwajin ji. A Kaduna kuma akwai cibiyar ido ta ƙasa da cibiyar kunne ta ƙasa.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: ku gaya wa likitan tun farko cewa ba ya ji sosai. Lokacin aiki ana rufe fuska da ƙyalle, ana ce wa mutum kada ka motsa, dubi sama. Wanda ba ya ji zai firgita. In an sani, za a yi masa bayani tun a waje, a shirya alama da hannu. Kuma wanda zai riƙa ɗiga masa magani a gida, shi ya kamata ya tsaya a yi bayanin a gabansa. Sau nawa tsoho yake gyaɗa mana kai, mu ɗauka ya gane, ashe kunya ce ta hana shi cewa bai ji ba.

Mai Niƙa:
Jama'a ni kun tsorata ni. Shekarata 44, shekara 19 ina kan injin niƙa. In na kashe inji da dare, kunnena yana kuka kamar gyare, wani lokaci har asuba. Matata ta ce rediyona ya cika ƙara. Ke nan idona ma yana hanya?

Ɗalibin Likita:
A'a Yaya, ƙarar inji ba ta taɓa ido. Naka daban ne, amma kukan nan gargaɗi ne, ƙwayoyin da na ambata ne suke jigata. Ma'aunin da ake amfani da shi a wuraren aiki shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa 8 a rana, abin da ya wuce haka yana cin kunne. Ba sai ka nemi na'ura ba: in mutum yana tsaye nisan hannu da kai amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, ƙarar ta kai. Injin niƙa ya wuce nan. Ka nemi abin toshe kunne na roba ko irin mai kama da kofi da ake kifawa a kan kunne, masu kayan gini da na walda suna sayarwa. Auduga ba ta tare abin kirki. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma za ka tsare wanda ya rage, don kada tsufa ya zo ya tarar da rumbun rabi. Yaran da ke taya ka aiki su ma ka saya musu. Idonka kuma ka kiyaye shi daga ƙurar gari da tartsatsi in kana wasa faranti.

Mai Kemis:
Bari in faɗi wata gaskiya a kan sana'armu, ko da wasu za su ji haushi. Allurar jentamaisin, wadda ake cewa janta, ana yin ta a ƙauyuka kamar ruwa. Zazzaɓi janta, tari janta, ciwon mara janta. Ita da 'yan'uwanta irin su sitireftomaisin suna iya kashe kunne har abada, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda. Kwinin ma yana sa kukan kunne. Ta ɓangaren ido kuma, maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin desametason: mutum ya zo da jan ido, a ba shi, ya ji daɗi, ya riƙa dawowa yana saya wata da watanni. Shi kuwa yana ɗaga ruwan ido, yana kuma kawo yana. Tsoho ɗaya sai ka ga ya sha duka biyun a shago ɗaya. Ni na daina bayarwa sai da takardar likita, na rasa masu ciniki da yawa a kan haka, su tafi shagon gaba a ba su.

Baban Hafsat:
Mai Kemis, tsaya. Kafin aikin idon da kamar sati biyu, Hajiya ta yi zazzaɓi mai zafi, wani yaro da ke allura a unguwa ya yi mata allurai safe da yamma kusan kwana bakwai. Ban san sunan allurar ba. Bari in kira ƙanwata, ita ta yi jinyar.

Malamar Firamare:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. A ajina akwai yarinya da aka haifa ba ta ji, yayanta ma haka. Yanzu yayan ya kai shekara 14, da magariba ta yi sai ya riƙa karo da abubuwa, dundumi sosai. Iyayen 'ya'yan wa da ƙane ne. Wannan ma irin na Baba ne?

Ɗalibin Likita:
Malama, ba irinsa ba ne, kuma ya kamata a kai su da wuri. Dundumi yana iya zama ƙarancin sinadarin bitamin A, wannan yana da magani mai sauƙi. Amma kurumta tun haihuwa a 'yan gida ɗaya, sannan dundumi ya biyo baya da girma, yana sa a yi tunanin wata lalura ta gado da ake kira Usha, wadda ke taɓa kunne da labulen bayan ido tare. Sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka take bayyana, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. Likitan ido ne zai leƙa bayan idon ya tantance. A nan ne kam za a ce abu ɗaya ne ya kama su biyun kai tsaye. Ƙyanda ma tana iya barin tabo a ido ta kuma taɓa kunne, sanƙarau kuma ya kurumtar da yara da yawa a yankin nan a annobar 1996.

Alhaji Na Kasuwar Gujungu:
Yanzu kuma an koma kan auren zumunci. Iyayenmu da kakanninmu da shi suka rayu.

Malamar Firamare:
Alhaji, ba wanda ya ce haramun ne. Amma gidan da aka ga irin wannan har sau biyu, ai a faɗa musu su sani kafin a sake haɗa wasu.

Sista 'Yar Hadejia:
Bari in dawo da mu kan Baba. Maganar gigin tsufa da aka yi, kada a yi wasa da ita ta wata fuskar. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, a rahotonsu na 2024 kuma suka ƙara da raunin gani da ba a yi magani ba. Wato Baba bai gigice ba, amma in aka bar shi a zaure shi kaɗai, ba ya ji, ba ya gani, ba mai hira da shi, ana buɗe wa abin da ake tsoro ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji mai hana walwala. Ku ƙirga tsofaffin da ke layinku.

Kuma a daina yi masa ihu. Ihu yana murɗe sauti, yana murɗe fuska, shi kuma sai ya ga kamar faɗa ake yi masa. Ka taɓa kafaɗarsa tukuna, ka zauna gabansa inda haske zai faɗo a fuskarka, ba ka tsaya a bakin ƙofa rana tana bayanka ba. A kashe rediyo. Ka yi magana a hankali da murya mai kauri. In bai gane ba, ka sauya kalmomin, kada ka maimaita guda sau biyar. Kuma kalmar nan ta "bar shi kawai, ba komai" da ake faɗa in an gaji, ita ta fi yi musu ciwo.

Ɗan Taura:
Wannan ta ƙarshen ta same ni. Ina faɗin ta kusan kullum.

Baban Hafsat:
Na samu ƙanwata. Ta ce janta ce, tana tune da kwalaben. Ban san abin da zan ce ba. Shekara huɗu ina hana mutane zuwa aikin ido. Aƙalla mutum uku na hana.

Malam Na Gwaram:
Ka je ka same su, ɗan'uwa, tunda suna raye. Hajiya kuma a kai ta a duba kunnen.

Ɗan Taura:
Salam 'yan'uwa, na dawo da bayani bayan sati biyar, na ga wasu suna ta tambaya ta akwatin saƙo.

Suga ya fito sama sosai, jini ma ya hau. Sai da aka yi sati uku ana daidaita su kafin likitan ido ya yarda ya yi aiki. A kunnen hagu an ciro kaki baƙi, daskararre, ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Yana ce a ido biyun. An yi na dama ranar Talata. Na hagu an ce ruwansa ya hau, jijiyar ta ɗan taɓu, an ba shi maganin ɗigawa na kullum, za a yi aikinsa daga baya.

Da aka cire bandeji, ƙanwata ce a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, sai ya ce, "Ke, yaushe kika yi furfura?" Muka yi dariya, ita tana kuka. A mota muna dawowa, na juyo na ce masa za mu tsaya a Gezawa mu yi sallah, da muryata ta kullum, ya ce to. Yayana da ke tuƙi sai da ya waiwayo.

Ba zan ce kunnen ya warke ba. Gwajin ji ya nuna duka biyun sun yi rauni sosai, in ka yi magana ta bayansa ko da dare ba ya ji. Sun rubuta na'urar ji, amma kuɗin guda ɗaya ya fi albashina na wata, ga batir da za a riƙa saya. Wani ya nuna min masu araha da ake sayarwa a kasuwa, ban saya ba tukuna. Ya koma sahun farko, ɗan yayana yana tsayawa a damansa, amma jiya yaron ya ce bai taɓa shi ko sau ɗaya ba.

Sista, na kasuwar nan suna da amfani, ko mu haɗa kuɗi bayan an sayar da riɗi mu sayi ta asibitin?

Sista 'Yar Hadejia:
Alhamdulillah, wallahi na ji daɗi. Ku jira kuɗin riɗin. Na kasuwa komai suke ƙara wa ƙarfi, har kukan akuya da ƙarar babur, shi kuwa siraran sautuka ya rasa. Ta asibiti ana saita ta ne da takardar gwajinsa, don haka ku adana takardar. Ko guda ɗaya ce ku fara da ita, su za su gaya muku kunnen da ya fi dacewa. Maganin idon hagu kuma kada ya yanke ko na kwana ɗaya, ku sayi wani tun kwalbar ba ta ƙare ba. Wa ke ɗiga masa?

Ɗan Taura:
Innarmu ce. Amma ita ma na lura sai ta kai kwalbar dab da hancinta kafin ta gane wacce ce. Ranar da za mu koma da Baba zan tafi da ita.